Zaɓen Tsohuwar Mota Ga Matashin Da Ya Fara Tuƙi

A gidajen 'yan kasuwa da yawa, da zarar yaro ya sami gurbi a jami'a, ko kuwa ya fara zama a shago yana kai kaya yana karɓo kuɗi, sai maganar saya masa mota ta taso. Tun daga shekarar 1986, sa'ad da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta soma fin ƙarfin matsakaicin magidanci, kasuwa kuwa ta koma hannun motocin da aka riga aka hau a Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Saboda haka yawancin iyaye tsohuwar mota suke nema, kuma abin da suke fara tambayar dillali shi ne wadda ta fi araha. Tambayar ba ta da laifi, sai dai kuɗin da ake ƙirga wa dillali kashi ɗaya ne kawai daga cikin abin da motar za ta ci, sa'an nan wanda zai riƙe sitiyarin yana cikin direbobin da suka fi kowa kusa da haɗari.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyi kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Amurka, inda aka fi tattara alƙaluman irin wannan lamari, cibiyar bincike ta IIHS wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta ta nuna cewa, in aka gwada da yawan tafiyar da kowa ya yi, direba mai shekara 16 zuwa 19 ya ninka wanda ya kai shekara 20 kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sabon direba bai iya auna gudun motar da ke tunkaro shi ba, yana shiga kwana da wuta, kuma in abu ya ɓullo masa ba zato sai ya murɗa sitiyari fiye da kima. A Nijeriya doka ba ta ba da lasin tuƙi ga wanda bai cika shekara 18 ba, saboda haka matashin da ake magana a kansa a nan shi ne ɗan shekara 18 ko 19, namiji ko mace.

Irin motar da ta dace

Tun shekarar 2014 waccan cibiya ta fara fitar da jerin tsofaffin motocin da take ba iyaye shawarar saya wa matasa, kuma ma'aunin da ta ɗora jerin a kai yana da amfani a ko'ina. Na farko shi ne a guji inji mai ƙarfi. Mota mai fulogi huɗu, wadda injinta bai wuce lita 1.6 zuwa 2.0 ba, ta ishi ɗalibi ko yaron shago duk wata hidima. Mai fulogi shida kuwa tana kai gudun kilomita 100 kafin sabon direba ya ankara, alhali kuwa ƙa'idar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. A nan ne wasu iyaye ke tafka kuskure da kyakkyawar niyya, watau su sauke wa yaro babbar motar da suka gaji da hawa don kada a kashe wani kuɗi. Tsohuwar jif mai tsawo, musamman wadda aka ƙera kafin a fara sa na'urar da za a ambata a ƙasa, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa in aka fizge ta a guje.

Na biyu shi ne kada kuma a faɗa ɗaya ɓangaren, a sayo 'yar mitsitsiyar mota don ba ta shan mai. In motoci biyu suka yi taho-mu-gama, mutanen cikin mara nauyin su ne ke ɗaukar mafi yawan bugun, ga shi kuwa hanyoyin ƙasar nan cike suke da tireloli da tankokin mai. Matsakaiciyar mota mai ƙofa huɗu ita ce daidai.

Na uku, wanda dillalai ba su cika ambata ba domin masu saye ba su tambaya, shi ne na'urar hana mota ƙwacewa, wadda aka fi sani da haruffan ESC. Kamfanin Toyota na kiranta VSC, Honda kuwa VSA. Aikinta shi ne ta riƙa gwada inda direba ya nufa da sitiyari da kuma inda motar ta nufa a zahiri, in ta ga sun saɓa sai ta kama birkin ƙafa ɗaya cikin ƙiftawar ido, ta rage wutar inji, ta komo da motar kan hanya. Binciken cibiyar ya nuna tana rage kusan rabin haɗurran da mota ke yi ita kaɗai har a rasa rai, kuma irin wannan haɗari, na kifewa a kwana ko zamewa a kan yashi da ruwan sama, shi ne na sababbin direbobi. Amurka ta wajabta ta a kan dukkan ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuwa daga watan Nuwamba na 2014. Cikin motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, Honda Accord ta zo da ita gaba ɗaya daga ƙirar 2008, Toyota Corolla da Camry daga ƙirar 2010, Honda Civic daga ƙirar 2012. Uban da aljihunsa ya kai nan, ya fi masa alheri ya bar kujerun fata da rufin gilashi ya sayi wannan na'ura.

Abin da mota ke ci bayan an saya

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake sha ƙasa da N200 ta haura N480 a cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta wuce N1,000 a Abuja. Dalar da hukuma ke sayarwa kimanin N460 a farkon watan Yuni na 2023 ta wuce N1,500 a watan Fabrairu na 2024, kuma da yake kusan dukkan kayan gyara daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi sawun dala. Alal misali, a ɗauka yaro yana tafiyar kilomita 1,000 a wata. Motar da ke shan lita 8 a kowace kilomita 100 za ta sha lita 80, wadda ke shan lita 13 kuwa za ta sha 130. Bambancin lita 600 ke nan a shekara, in kuwa aka ƙaddara lita a kan N900, ya kama N540,000. Rangwamen da aka samu wajen dillali yana iya ƙarewa a gidan mai kafin shekara biyu.

Haka lamarin yake ga kayan gyara. Tsofaffin manyan motocin Jamus sukan faɗi warwas a kasuwa, har mutum ya ga kamar tsintuwa ya yi, alhali masu su sun sake su ne saboda kuɗin gyara. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: kafin a yi ciniki, a aika yaro Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ya tambayo farashin giya, da lagireto, da fitilar gaba, da shakazoba na motar da ake so. Motar da kowane ɗan kasuwa ke da kayanta, kowane bakanike kuma ya san cikinta, ita ce mai araha ta gaskiya, kuma ita ce ke da saurin fita ranar da aka tashi sayar da ita.

Wannan ne ya sa Toyota Corolla ta riƙe farashinta. Ƙirar 2003 zuwa 2008 mai inji lita 1.8 tana amfani da sarƙa a madadin bel ɗin tayimin, saboda haka babu fargabar tsinkewar bel. Rauninta shi ne yawancinta ba su da na'urar hana ƙwacewa. Camry ƙirar 2007 zuwa 2009 mai inji lita 2.4 ta yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, matashi kuwa ba ya tuna duba sandar mai sai fitila ta kama. Civic ƙirar 2006 zuwa 2008 an sami wasu da jikin injinsu ke tsagewa ruwa ya tsiyaye, har kamfanin Honda ya ƙara wa'adin garanti a kansu a Amurka. Accord ƙirar 2003 da 2004 mai fulogi shida ta sha matsalar giyar otomatik, ga kuma ƙarfin da bai dace da ɗan koyo ba. Peugeot 406 da aka harhaɗa a Kaduna da Golf 3 kuwa, duk da sanin da kanikawa suka yi musu, shekaru sun yi musu yawa, kuma ba a ƙera su da kariyar motocin baya-bayan nan ba.

Binciken motar kanta

Suna mai kyau ba ya wanke motar da ta sha wuya. Tokumbo da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka ake sayo su, bayan sun yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, kamar yadda guguwar Harvey ta nutsar da ɗaruruwan dubban motoci a jihar Teksas a shekarar 2017. Ana gyara su a fesa fenti su fito fes. Saboda haka motar da aka hau a gida, wadda aka san mai ita da bakaniken da ke kula da ita, sau da yawa ta fi tokumbon da ba a san tarihinta ba.

Kowace mota da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1981 tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. A tabbata ta yi daidai da ta cikin takardu, sa'an nan a biya ɗan kuɗi kaɗan a bincika tarihinta ta intanet, inda ake ganin ko an taɓa rubuta ta a matsayin wadda ta lalace, da yawan tafiyar da ta yi kafin a ɗoro ta a jirgi. Mitar motocin Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, ga shi kuma mayar da mita baya ba wuya ba ne. Mai saye ya zo da nasa bakanike, wanda ba shi da rabo a cikin la'ada, a tayar da injin da sanyin safiya kafin kowa ya ɗumama shi, a jona na'urar bincike, a ɗaga dardumar ƙasa a nemi laka da tsatsa da warin ruma, a shiga ƙarƙashi a duba ko an taɓa yi wa shasi walda.

Jakar iska, wadda ke kumbura ta tare direba lokacin haɗari, tana bukatar kulawa ta musamman. In aka murɗa makulli, fitilarta ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sa'an nan ta mutu. Wadda ba ta kama ko kaɗan ba, akwai alamar an cire ƙwan ne don a ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe ba a sake ta ba. Har ila yau akwai matsalar jakunkunan kamfanin Takata na Japan, waɗanda aka janye kimanin miliyan 67 daga cikinsu a Amurka, har kamfanin ya durƙushe a shekarar 2017. Sinadarin da ke hura su yana lalacewa a wuri mai zafi da laima, irin Legas da Fatakwal, ya tarwatsa gwangwaninsa ya watsa wa mutum ƙarafa a fuska. A watan Fabrairu na 2023 Honda ya gargaɗi masu Accord da Civic ƙirar 2001 da 2002 waɗanda ba a sauya wa jakar ba da su daina hawa, a watan Janairu na 2024 kuma Toyota ya yi irin wannan gargaɗi a kan wasu Corolla ƙirar 2003 da 2004. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka tana nuna wa mutum kyauta, ta hanyar lambar shasi, ko akwai gyaran da ya rage ba a yi wa motar ba.

Takardu da ragowar kuɗi

Daga ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, kuma motar da ba a biya mata cikakken harajin kwastan ba ana iya kama ta a hannun wanda ya saya, ko da bai san komai ba. A kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin a ba da ko da kafin alƙalami. Motar gida kuwa sai an ga takardar mallaka ta asali da rasit, an kuma sauya suna a hukumance. A guji mota mai sitiyari a dama, domin Nijeriya ta koma bin hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma wadda aka juya wa sitiyari a gareji ba abin dogara ba ce.

Inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna wajibi ce. Hukumar kula da inshora ta ƙasa ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 daga ranar 1 ga Janairu, 2023, ta kuma kai diyyar dukiya zuwa Naira miliyan 3, 'yan sanda kuwa suka fara tsananta bincikenta ranar 1 ga Fabrairu, 2025. Lasin yaron shi ma ya bi hanyarsa, watau makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, da takardar izinin koyo, da jarrabawar jami'an duba motoci. Uban da ya sayo wa ɗansa lasin ta bayan gida, kansa ya cuta.

Ya kamata a ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka tanada, kada ya shiga hannun dillali. Da shi za a sauya baƙin mai, da man giya, da man birki da kayansa, da batir in ya tsufa, sa'an nan tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha gargaɗin kada a hau tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar ƙira, tokumbo kuwa galibi da tsofaffin tayoyinta take sauka daga jirgi, wasunsu ma na ƙasashen ƙanƙara ne, ba a yi su don zafin kwaltar Sakkwato ko Maiduguri ba.