Yadda Ake Dasa Minjirya Don Ta Yi Fure da Rani

A Amurka akwai wata bishiyar ado, redbud, da ke fure kafin ganye ya fito. Ba za ta rayu a garinmu Achilafiya ba, domin sai ta sha sanyin ƙanƙara take yin fure. Amma muna da 'yar danginta a gida, minjirya. Dukansu dangin wake ne, kuma ita ma minjirya a kan rassa tsirara take yin furenta, ja jawur, lokacin da ƙurar hunturu ta mayar da komai toka-toka.

Da reshe ake dasa ta, ya fi iri sauri. Ka nemi izinin mai bishiya, ka sare lafiyayyen reshe mai kaurin ƙotar fartanya, tsawon mita 1 zuwa 1.5. Yi hattara da ƙayarta. Ajiye shi a inuwa kwana 2 ko 3 bakin saran ya bushe, don ɗanyen sara na saurin ruɓewa a cikin ƙasa.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Zaɓi inda rana ke bugu sosai, nesa da katanga da kamar mita 3. Haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya. Ƙasarmu ta jigawa ba ta riƙe ruwa, saboda haka ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, ba sabon kashin shanu ba. Watsa toka a gindin ramin saboda gara. Kafa reshen gindi ƙasa, kai sama, yadda yake a jikin uwar, ka tattaka ƙasar har ya daina girgiza. Wanda gidansa ke kan tsakuwa, irin na wajen duwatsun Kazaure da Roni, sai ya faɗaɗa ramin ya ƙaro ƙasa.

Sannan shinge. Akuya ba ta barin sabon toho, don haka ka kewaye shi da ƙaya tun ranar farko.

A ranin farko ka riƙa ba ta bokiti ɗaya a mako. Daga shekara ta biyu kuwa, ka janye hannu idan kaka ta wuce. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Suna ganin ganye ya zube sai su ce ta mutu, wasu su yi ta ɗura mata ruwa, wasu ma su ɗauko gatari. Zubar ganyen nan ita ce shirin fure. In kana shakka, kankare ɓawon da farce, za ka ga kore a ƙarƙashi.

Bayan fure takan yi kwanso mai jajayen 'ya'ya masu sheƙi. Yara na son tsince su, kuma ƙwayoyin suna da guba, saboda haka a riƙa share gindin bishiyar.