Yadda Ake Ɗaura Turbo a Bayan Mota

Duk wanda ya taɓa ɗaga bonet ɗin Chevrolet Camaro ƙirar 1998 zuwa 2002 ya san babu masaka tsinke a ciki. Injin LS1 mai silinda 8 da lita 5.7 ya cinye wurin, bayansa ma ya kutsa ƙarƙashin gilashin gaba. Mai irin wannan mota idan ya so ƙara mata ƙarfi da turbo, kafin maganar kuɗi sai ya fara tunanin inda zai ajiye shi. Wani Ba'amurke a jihar Utah, Rick Squires, ya kawo mafita a farkon shekarun 2000: a cire tukunyar salansa ta baya, a sa turbo a gurbinta. Da wannan kamfaninsa STS ya yi suna wajen masu Camaro da Corvette. Dabarar kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba. Jirgin yaƙin Amurka P-47 Thunderbolt, wanda ya fara tashi a 1941, injinsa yana hanci, turbonsa yana can bayan mazaunin matuƙi, manyan bututu ne suka haɗa su.

Shi turbo, tun da Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ya yi rajistarsa a 1905, farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin inji yana juya ta farko, ita kuma ta biyun ta zuƙo iska ta danna wa inji, kamar yadda zugazugi ke hura wutar maƙeri. Iska ta ƙaru, a ƙara fetur, ƙarfi ya ƙaru. Sandar tana juyi sama da dubu 100 a minti ɗaya, don haka aikin ba ya karɓar ganganci.

Ba a fara taɓa salansa sai an san lafiyar inji. A auna matsin kowace silinda, a duba ko yana shan baƙin mai, a duba lagireto da giya. Injin da ya gaji, turbo zai ƙarasa shi ne kawai. Daga nan sai a yanke shawarar yawan matsin iskar da ake so. Ana auna shi da psi, ma'aunin nan da mai faci ke duba iskar taya da shi. Iskar da muke shaƙa a gaɓar teku psi 14.7 ce, ƙarin psi 6 ke nan yana ba inji iskar da ta ɗara ta da da kusan kashi 40 cikin 100. Ga injin LS1 da ba a canja masa fistin ba, psi 5 zuwa 7 ya wadatar, domin tun daga masana'anta matsinsa mai yawa ne, wajen 10 bisa 1. Kwaɗayin wuce haka shi ke fasa fistin.

Zaɓen turbon kansa nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Hayaƙin da ke fita daga injin fetur mai aiki da ƙarfi zafinsa yana iya kai digiri 800 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan zafin shi ne abincin farfela. Kafin hayaƙin ya yi tafiyar mita 3 ko fiye a ƙarƙashin mota ya huce, ya tsuke, saurinsa ya ragu. Idan aka ɗauko turbon da ya dace da gefen inji aka kai shi baya yadda yake, sai direba ya taka totur ya yi ta jira. Maganin shi ne a zaɓi gidan farfelar hayaƙi mai ƙaramar lambar A/R, wato mai ƙunƙuntar maƙogwaro, don hayaƙin da ya yi sanyi ya sake samun gudu kafin ya bugi farfela. Amma kada a matse da yawa, in ba haka ba hayaƙi zai rasa mafita idan inji ya ɗauki wuta sosai, ya koma yana shaƙe shi.

Yanzu sai a ɗaga mota. Mai walda ya yanke tukunyar salansa, ya haɗa maƙalar ƙarfe mai kauri a jikin shasi, domin turbo yana da nauyi, ba a barin bututu ya ɗauke shi. A sa shi sama gwargwadon iko, kada ya zama shi ne mafi kusa da ƙasa. Kafin hayaƙi ya isa turbo ana fitar da reshe a sa bawul mai sifirin, wanda ke buɗewa ya zubar da rarar hayaƙi da zarar matsi ya kai inda aka tsara. Tankin fetur yana nan kusa, haka tiyon birki da robar bamba, saboda haka farantin kare zafi wajibi ne. A Corvette mai salansa biyu galibi ƙananan turbo biyu ake sawa, ɗaya a kowane gefe. Ba kasafai ake buƙatar wata tukunya ba bayan haka, farfelar da kanta tana cinye yawancin ƙarar.

Sai a bi bututun hayaƙi tun daga inji har baya, gaɓa bayan gaɓa. Da can ƙaramar ɓula a salansa ƙara kawai take jawowa. Yanzu bututun yana ɗauke da matsi, duk inda ya yi yoyo ƙarfi ne ke zubewa a titi. Alamar yoyo a bayyane take: ɗan baƙin zane na toka a gefen gaɓa, kamar an shafa gawayi da yatsa. A canja gaskit, a ɗaure, inda ya kamata a yi walda. Bayan haka a naɗe bututun da ƙyallen riƙe zafi. Ni a ganina wannan naɗin ya fi duk wani kayan ƙawa da za a saya wa motar amfani.

Bututun da zai dawo da iska gaba na alminiyam ne, mai faɗin inci 2 zuwa 2.5, ana bi da shi ta gefen da babu salansa. Shi ne ake yawan zargi da jinkiri, kuma zargin ya fi laifin girma. Bututu mai inci 2.5 da tsawon mita 3.5 yana ɗaukar iska kamar lita 11. Injin lita 5.7 da ke juyi 3,000 a minti yana iya zuƙar sama da lita 100 a daƙiƙa ɗaya. Cika bututun ke nan bai kai ƙiftawa da bismilla ba. Yana ma da ladansa, domin iskar da turbo ya matsa ta yi zafi tana hucewa a hanya, shi ya sa a ƙaramin matsi wasu ba sa ƙara na'urar sanyaya iska. Kusa da bakin inji a sa bawul ɗin da ke sakin iska idan an ɗaga ƙafa daga totur. Matatar iska kuma a ɓoye ta can sama a bayan bamba ko cikin bangon but, nesa da feshin taya. Idan turbo ya zuƙi ruwan kududdufi ya tura wa inji, to a fara neman kuɗin sabon inji.

Baƙin mai shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan nake so bakanike ya natsu. Kai mai baya ba wuya: siririn tiyo mai rigar ƙarfe daga inda inji ke da matsin mai, a bi da shi nesa da zafi, a sa masa bawul mai hana mai ci gaba da tsiyaya idan an kashe mota. Dawo da shi ne jidali. Turbon da ke gefen inji yana sama da kaskon mai, man yana gangarawa da kansa. Na baya kuwa yana nesa kuma yana ƙasa, dole sai da famfon lantarki da zai tsotso man ya mayar da shi inji, galibi ta murfin saman inji. Abin da ke tare mai a cikin turbo 'yan zobban ƙarfe ne, ba a yi su don riƙe tafkin mai ba. Famfo na tsayawa, mai zai taru ya tsallake zobban, ya malala cikin salansa da bututun iska, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayan mota, injin kuma yana ta rasa mansa. Don haka a sayi famfo na gaske, a ba shi wayarsa da fis ɗinsa, a sa fitila ko ƙararrawa a gaban direba da za ta yi gargaɗi idan ya tsaya, a kuma tsara shi ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan an kashe inji don ya kwashe ragowar man. Wasu suna raba gari da man inji gaba ɗaya, su yi wa turbo ƙaramin tankinsa a baya. Akwai kuma turbon da giris ke cikinsa, ba ya buƙatar tiyon mai.

Abin da ya rage fetur ne da lissafi. Manyan nozul, famfon fetur mai ƙarfi, fulogi mai jure zafi, sannan gwani ya zauna da kwamfuta ya sake tsara ƙwaƙwalwar motar: yawan fetur da lokacin tartsatsi. Kafin a tayar da inji a tabbatar mai ya isa turbo. A bar shi yana aiki a tsaye, a leƙa ƙarƙashi da tocila, a ga man yana dawowa. Gwajin titi a fara shi a hankali, ido a kan ma'aunin iska da fetur, kunne a kan inji. Da an ji ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani, a ɗaga ƙafa nan take.

Wannan tsari ya dace da babban inji mai ƙuntataccen ɗaki, wanda dama yana da ƙarfin tashi kafin turbo ya farka, ga shi kuma zafi ya yi nesa da bonet. Ga ƙaramin inji mai silinda 4 da ke da fili a gaba, gefen inji ya fi. Mai karatu, idan hanyarka ta kullum ramuka ce da ruwan damina, ko kuma kuɗinka ba zai kai ga famfon mai na kirki ba, ka bar salansar motarka yadda take.