Darasi: Mai na ruwa da daskararren mai

Arlit gari ne na hamada. An kafa shi a shekarar 1969 saboda haƙar uraniyom. Yana arewa da Agadas da wajen kilomita 240. Ba a noman gujiya a can. Man girki duka motoci ke kawo shi, wani daga kudu, wani daga Aljeriya. Saboda haka uwargida a Arlit ko Akokan takan tarar da mai iri-iri a kanti. Wanne za ta saya?

Mai iri biyu ne. Akwai na ruwa, kamar man gujiya da man kolza. Akwai kuma daskararre, kamar man shanu da farin man gwangwani da ake yin biskit da gato da shi.

Kolza tsiro ne mai fure rawaya da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe. Yana son ƙasa mai sanyi. A shekarar 1974 masanan noma na ƙasar Kanada suka fitar da sabon irinsa, wanda mansa ya fi dacewa da ci. Shi ake kira kanola.

Farin man gwangwani shi ma daga tsirrai yake. Asalinsa ruwa ne. A masana'anta ake haɗa shi da iskar hidirojen har ya daskare. An fara sayar da irinsa a Amurka a shekarar 1911.

Wajen ba jiki ƙarfi duk ɗaya suke: giram 1 na kowane mai yana ba da kalori 9. Bambancin yana ga kitsen da ke ciki. Akwai kitse mai nauyi, wato mai saurin daskarewa. Idan ya yi yawa a abinci, yana ƙara maiƙo cikin jini. A hankali sai hanyoyin jini su ƙuntata, zuciya ta wahala.

Ga yawan kitse mai nauyi cikin kashi 100:
Man kanola: wajen 7
Man gujiya: wajen 17
Farin man gwangwani: wajen 25
Manja: wajen 50
Man shanu: fiye da 60

Akwai kuma wani mugun kitse da ake kira tarans. Yana samuwa in an daskarar da mai rabi da rabi da hidirojen. Ya fi kowane kitse cutar da zuciya. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe su kawar da shi daga abinci.

Jiki yana bukatar mai, musamman jikin yara. Amma don girkin yau da kullum mai na ruwa ya fi. In babu kanola, man gujiyarmu ya isa. Daskararre kuwa sai kaɗan-kaɗan.

Tambayoyi
1. Daga ina man girki ke zuwa Arlit?
2. Yaya ake daskarar da man tsirrai?
3. Wane mai ne ya fi ƙarancin kitse mai nauyi?

Aiki
Ku zuba man gujiya da manja da man shanu a ƙananan kofuna uku. Ku bar su waje a daren hunturu. Da safe ku duba wanda ya daskare, ku rubuta cikin littattafanku.