Daga Kano Zuwa Jidda: Ka San Nisan Tafiyarka Kafin Ka Tashi

Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe hanya. Jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 850 a awa ɗaya, don haka, idan aka haɗa da lokacin tashi da sauka, tafiyar kai-tsaye takan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa biyar. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Wanda kuma zai ya da zango a Alƙahira ko Addis Ababa, ya shirya wa yini guda.

Maniyyaci, ka lura da agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma lokacin saukar da ke jikin tikiti na can ne. Idan ka tashi ƙarfe 10 na safe ka yi awa biyar a sama, ƙarfe 5 na yamma za ka sauka a agogon Jidda. Ka sanar da mai tarbarka wannan.

Ka isa filin jirgin Malam Aminu Kano awa uku kafin tashi. Magunguna da fasfo su kasance a jakar hannu. Idan Makka za ka wuce, ka ɗaura haraminka tun a ƙasa, domin a sama ake ƙetare miƙati. Ka yawaita shan ruwa, ka riƙa miƙe ƙafafu, musamman idan akwai shekaru. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.