Allon Wasan Kwamfuta a Iferwan: Mai Doro ko Shafaffe?

Ga allon kwamfuta iri biyu: tsoho mai doro, wato CRT, da shafaffe, wato LCD. Mai doro ya fi saurin nuna motsi, shi ya sa masu wasan tsere ke sonsa. Amma a Iferwan, inda da yawa ke dogaro da sola da batir, cin wutarsa na wat 70 zuwa 100 ya yi yawa. Shafaffe wat 30 ya ishe shi. Ga ƙurar yankin Ayar da ke shiga ramukan bayan mai doro, ga wahalar ɗauko shi daga Arlit. Sony ma ta daina ƙera allonta mai doro, Trinitron, tun 2008, kayan gyara sun yi wuya. Gara shafaffe mai hertz 120, mai mashigar HDMI.