Waƙar Na'ura da Baikon Zuciya

Abin karatu: Fitowa 31:1-11, 2 Sama'ila 24:18-25

Tun shekara ta 2022, sa'anda aka fito da ChatGPT, ƙirƙirarriyar basira ta shiga hannun kowa. Mutum ya ce mata ta tsara waƙar Kirsimati, kafin ya ɗaga kai ta gama. A 2023, a garin Furt na ƙasar Jamus, mutane fiye da 300 suka taru cikin majami'a, na'ura ta yi musu wa'azi da addu'a. To, masu waƙa na ekklesiya su ajiye aikinsu ke nan?

Mu fara da Bezalel. Allah ya kira shi da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya, da azurfa, da sassaƙar itace, saboda alfarwa ta sujada. Ashe gwaninta baiwa ce, kuma mutum aka danƙa wa ita.

Na'ura fa? An ɗura mata rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, daga cikinsu ta ke kintatar kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Ba ta taɓa binne ɗa ba, ba a kuwa taɓa gafarta mata zunubi ba. Da bakin waɗansu ta ke godiya.

Mu tuna da Dawuda. Arauna ya so ya ba shi masussuka da shanu kyauta domin hadaya. Sarki ya ƙi, ya biya shekel 50 na azurfa, gama ba ya so ya miƙa wa Ubangiji abin da bai ci masa kome ba.

Ba mu ce na'ura abar ƙyama ce ba. Kayan aiki ce, kamar gizagon masassaƙi. Ta taimake mu gyaran rubutu ko neman aya. Amma tsohuwar nan ta zumuntar mata, wadda ta tsara waƙa bayan ta tashi daga ciwo, ana buga mata tulu, ta kawo abin da ya ci mata hawaye. Kada mu ture ta domin waƙar da ta fi santsi.

Tambayoyi:
1. Wane ne ya ba Bezalel gwaninta?
2. Don me Dawuda ya ƙi kyautar Arauna?
3. Wane yaro mai baiwa za mu ƙarfafa cikin ekklesiyarmu a wannan wata?