Darasin Lafiya: Sankarar Ƙashi, Ba Dole Sai An Yanke Ƙafa Ba

Darasinmu na wannan fitowa a kan sankarar ƙashi ne, da yadda likitoci ke gyara ƙafa ko hannu bayan an cire ta.

Uwargida, in yaronki ya yi makonni yana kukan gwiwa, ciwon ya fi tashi da dare, ga kumburi ya ƙi saɓewa, kar ki ce targaɗe ne kawai. Wannan cuta ta fi kama 'yan shekara 10 zuwa 20, kuma ta fi fitowa kusa da gwiwa. Da yawanmu sai mu nufi wajen mai ɗori, don tsoron kada asibiti su yanke ƙafar. To wallahi jinkirin nan shi ke jawo yankewar. In an je da wuri, yawanci ana ceto ƙafar.

Da farko za a ɗauki hoto, a ɗebi ɗan tsokar wurin a gwada. In ta tabbata, sai a fara ba da maganin daji, sannan a yi tiyata a cire ɓangaren da ya kamu. Giɓin da ya rage ana cike shi ta hanyoyi kamar haka:

1. A sa ƙashin ƙarfe mai haɗe da gaɓa. Akwai na yara wanda ake ƙara wa tsawo yayin da suke girma.
2. A ɗauko siririn ƙashin gefen ƙwauri a dasa, tunda ba shi ke ɗaukar yawancin nauyin jiki ba.
3. A kashe cutar a jikin ƙashin da aka cire, da tsananin sanyi ko da haske, a mayar da shi.
4. Hanyar likita Ilizarov na Rasha: a kafa zobban ƙarfe, ana jan ƙashin milimita 1 kullum, sabo na tsirowa a baya.

Bayan aiki kuma, nauyi a kanki yake 'yar'uwa: tsabtace wurin, kai shi gashin ƙashi, da cika ranakun komawa asibiti, domin warkewar takan ɗauki watanni.

Ki zauna da maigida ku yi shawara, ku nemi asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. Neman magani umarnin Manzon Allah ne (SAW), bai saɓa wa tawakkali ba. 'Ya'yan nan amana ce a hannunmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.